Kariya: muna tsallake ta a daji, muna sayenta a tukunya

1/ Jama'a ku matso mu yi wata magana, ko da za ku ce na cika sa ido. Unguwarmu famfo ya daɗe da mantawa da mu, amma kullum da la'asar sai ka ga mai gadin wani gida riƙe da tiyo yana shayar da ciyawar ƙofar gida. A watan Afrilu fa, zafi ya haura digiri 40. Mu kuma muna ta cigiyar ɗan garuwa.

2/ Ban ce kada kowa ya ƙawata gidansa ba. Amma mun kwaso adon ƙasashen da ruwan sama ba ya yanke musu, mun kawo inda damina ba ta wuce wata 4 zuwa 5. Alhali ga kariya.

3/ Eh, kariya dai da ka sani. Mai kumburarren gindi kamar tulu, mai fure ruwan hoda. Masana tsirrai na ce mata Adenium obesum, kuma 'yar gida ce: tana fitowa da kanta tun daga Senegal har Sudan, har ta tsallaka Yemen.

4/ Wannan gindin rumbun ruwanta ne. Da damina ta cika shi, rani na shigowa ta zubar da ganye don kada ruwan ya tsere. Abin da ya fi burge ni, a lokacin da komai ya bushe ya yi fari fat, a nan take fidda fure, a kan reshen da ko ganye ɗaya babu.

5/ A Tailan masu lambu sun mayar da ita sana'a. Suna yi mata aure kamar yadda muke yi wa mangwaro, suna fitar da launi iri-iri suna sayar wa duniya. Mu kuwa sai mun gan ta a tukunya mai ƙyalli sannan mu tambayi sunanta.

6/ Ta farko da na dasa ni na kashe ta, da ruwa. Safe da yamma ina zuba mata, wai ni mai kula. Gindin ya yi laushi ya ruɓe. Abin da take so: ƙasa mai yashi, tukunya mai huda a ƙasa, rana sosai, kuma kada ka ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau. In reshe ka yanko, bar shi 'yan kwanaki bakin ya bushe kafin ka dasa. In kuma ƙaton gindin nan kake so, iri za ka shuka.

7/ Sai dai ba zan ɓoye muku ba, ruwan jikinta guba ne. A sassan Afirka mafarauta sun yi dafin kibiya da shi. Gidan da ke da yara masu kai komai baki, ko akuya mai yawo, a ɗora ta inda ba za su kai ba. Ka yanke ta, wanke hannu kafin ka taɓa ido.

8/ Na san wani zai ce ai ba ta ba da inuwa. Gaskiyarka, malam. To ciyawar taka inuwar me take bayarwa? Mai son inuwa ya dasa darbejiya.

9/ Tawa ta biyu tana nan bakin ƙofa. Na yi tafiyar mako 3 ba wanda ya kula ta, na dawo na tarar ta ƙara fure. Mai kariya a gida ya ajiye mana hoto a ƙasa mu gani.