SHIN DA GASKE JAMA'A KE ZAƁEN LABARI A INTANET?

Jama'a, akwai waɗansu zauruka a intanet da a ke cewa ba su da edita. Kowa na iya tsinto labari a wata jarida ya kawo ya liƙa, sauran masu karatu su kaɗa masa ƙuri'a, ko ta yabo ko ta suka. Wanda ya tara ƙuri'u ya hau shafin farko duniya ta karanta, wanda bai tara ba ya nutse. Digg da aka kafa a Amurka cikin 2004, da Reddit da ya biyo baya cikin 2005, su suka yi suna da wannan tsari. A kan ce wai wannan shi ne mulkin jama'a tsantsa. Mu kam mun ce a dakata tukuna, a duba yadda a ke zaɓen.

Da farko dai, ƙuri'un ba nauyinsu ɗaya ba. A lissafin da Reddit ya bayyana a fili shekarun baya, tashin labari daga ƙuri'a 1 zuwa 10 daidai ya ke da tashinsa daga 10 zuwa 100. Kuma labarin da ya girmi wani da awa 12 da rabi, sai ya ninka ƙuri'unsa sau 10 kafin su yi kafaɗa da kafaɗa. Watau mutum goma da suka yi sammako sun fi mutum hamsin da suka zo da hantsi. Cikin 2013 wani malami, Eric Gilbert, ya bi sawun abubuwan da suka shahara a Reddit, ya tarar fiye da rabinsu an taɓa kawo su tun da fari ba wanda ya kula. Abu ɗaya ne, jiya ya nutse, yau ya yi tashe. Ina cancanta a nan?

Na biyu, zaɓen a fili a ke yinsa. Kafin ka ɗaga hannu ka riga ka ga hannuwa nawa aka ɗaga. Cikin 2013 masana uku, Muchnik da Aral da Taylor, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun shiga wani zauren labarai, suka riƙa ba waɗansu rubuce-rubuce ƙuri'ar yabo guda ɗaya tak tun da fari, ba tare da duba kyansu ko muninsu ba. Rubutu fiye da 100,000 gwajin ya shafa. Me ya faru? Wanda ya zo daga baya ya fi saurin yabawa da kashi 32 cikin 100, kuma a ƙarshe makin waɗannan rubuce-rubuce ya ɗara na saura da kashi 25 cikin 100. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha.

Na uku, abin da ke tayar da hankali shi ke tafiya da sauri. Berger da Milkman na Jami'ar Pennsylvania sun duba labarai kusan 7,000 na jaridar New York Times, suka buga abin da suka gani cikin 2012. Labarin da ke sa fushi, ko fargaba, ko al'ajabi, shi mutane suka fi aika wa juna. Mai sa baƙin ciki da sanyin jiki kuwa ya kan kwanta. Gaskiya ne sun ga labari mai amfani shi ma yana tafiya. Amma mai neman suna ya san hanya mafi sauƙi: ya yi kanu mai zafi, ya bar sauran ga masu fushi.

To, in dai mutum goma na iya ɗaga labari, ai sai mai wayo ya nemi goman nasa. Waɗanda suka kafa Reddit da bakinsu suka faɗi cewa a farkon lamari sun yi ta ƙirƙirar sunayen ƙarya suna liƙa labarai, don baƙo ya zaci kasuwa ta cika. A Digg kuwa an daɗe a na kuka cewa waɗansu 'yan tsiraru ne ke riƙe da shafin farko, suna kaɗa wa juna ƙuri'a. Da watan Agusta na 2010 ya zo, masu Digg suka sāke tsari, suka ba manyan kamfanonin jarida hanyar zubo labaransu kai tsaye, suka kuma cire maɓallin da masu karatu ke binne labarin da ba su so. Jama'a suka fusata, suka cika shafin farko da labaran Reddit don zolaya, kana suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma can. Cikin 2012 aka sayar da sunan Digg da shafinsa a kan kimanin dala 500,000, kamar yadda jaridu suka ruwaito. Wanda ya raina masu ƙuri'a, abin da ke samunsa ke nan.

Saboda haka ga abin da mu ke kira a yi. Masu waɗannan zauruka su ɓoye yawan ƙuri'u har sai mai karatu ya kaɗa tasa, su kuma faɗa wa jama'a a fili yadda su ke lissafi. Zaɓen da kowa ke leƙen hannun maƙwabcinsa, kuma ba a san yadda a ke ƙirgawa ba, bai isa a kira shi muryar jama'a ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, kada ka ga dubu sun yaba ka ce lalle gaskiya ce, don watakila mutum goma ne suka ja dubun. Karanta labari har ƙarshe kafin ka kaɗa ƙuri'a. In kanu ya sa jininka ya tafasa, tambayi kanka wa zai ci ribar fushinka. Ka riƙa leƙa layin sababbin labarai, inda ƙuri'arka ke da nauyi, ka ɗaga na kirki tun bai nutse ba. In ka bar wurin, masu sunayen ƙarya ba za su bar shi ba.

Allah ya sa mu gane.