Kansar mama: masana na neman maganin da ba ya ɓata hanya

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 ne aka gano suna ɗauke da kansar mama, 670,000 kuma suka rasu. Maganin kemo da aka fi amfani da shi ba ya bambance ƙwayar cuta da lafiyayya, shi ya sa gashi ke zubewa, jiki ya galabaita.

Wannan ne ya sa masana ke farautar wasu gajerun sinadaran furotin da ake kira feftid, masu liƙewa a jikin ƙari kaɗai. In aka ɗaura musu magani, sai su kai shi daidai inda ciwon yake. Hanyar zaƙulo su ta samo asali ne daga aikin George Smith na Amurka a 1985, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 2018: ana sa ƙwayoyin bairos masu kama bakteriya su ɗauki miliyoyin feftid iri-iri, sannan a tace waɗanda suka manne wa ƙarin.

Dabarar ta riga ta haifar da ɗa mai ido a wani fannin. Tarayyar Turai ta amince da Lutathera a 2017 don wani nau'in ƙari na hanji da saifar ciki ta fankiriyas. A ɓangaren mama kuwa, har yanzu gwaji ake yi.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Nau'in kansar mama da ba ya jin maganin homon ko Herceptin ya fi yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, kuma shi ne ya fi buƙatar sabon makami.

Sai dai magani mai bin alama ba ya amfani sai an san alamar, wato sai an ɗebi tsokar ƙarin an auna ta a ɗakin gwaji. Nan gizo ke saƙar. Cibiyar gashin kansa ta farko a Nijar sai a 2021 aka buɗe ta a Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. Mata da dama ba sa isa asibiti sai ciwon ya ci jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya na son a riƙa kammala binciken gano cutar cikin kwana 60. Muddin gwamnatocinmu ba su kusanto da ɗakunan gwaji ga jama'a ba, ko da sabon maganin ya fito, matan karkara labarinsa kawai za su ji.