Idan muryar Dagona ta ɗauke a tsakiyar taron Abuja

Tun ranar 13 ga watan Mayun 2020 da Shugaba Muhammadu Buhari ya jagoranci zaman Majalisar Zartaswa ta Tarayya na farko ta bidiyo, taron intanet ya samu gindin zama a aikin gwamnati. Annobar korona ta wuce, al'adar ba ta wuce ba, domin ta rage kuɗin tafiya da na kwana. Sai dai akwai wata jimla da ta zama ruwan dare a irin waɗannan tarurruka: "Ba ma jin ka, bari mu wuce gaba." Galibi kuwa ba darakta da ke Sakatariyar Tarayya ake faɗa wa haka ba, jami'in da ke can ƙarshen layi ne, wanda ya shiga taron daga ɗakinsa da kwamfutar da ya saya da albashinsa.

A ɗauki Dagona, a Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashua. Mafakar tsuntsayen ruwa da ke nan wani ɓangare ne na Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, Yarima Philip na Ingila ya ziyarce ta a 1989, kuma a 2008 aka sanya tafkin cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Ruwan da ke raya wannan dausayi daga sama yake gangarowa, ta kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano na da hannu a yawan abin da ke isowa. Wanda ke ganin yadda kachala ke toshe magudanan ruwa, da yadda ambaliya ke cin gonakin shinkafa, yana Bade ne ko Nguru. Wanda ke yanke hukunci yana Abuja ko Kano. Idan muryar na farko ta ɗauke na minti biyu daidai lokacin da aka zo kan batunsa, to rahoton taron zai fita babu shi, kuma babu wanda zai rubuta dalili.

Kowa kan ɗora laifin a kan netwok, kuma sau da yawa da gaskiyarsa. Amma ba kullum ba, kuma bambance su abu ne mai sauƙi. A katse intanet gaba ɗaya, a kunna wani sauti da ke ajiye a cikin kwamfutar, karatu ko wa'azi mai tsawo, a bar shi na rabin awa. Idan bai yanke ba, mai yiwuwa matsalar tana kan layi. Idan ya yanke, to kamfanin waya ba shi da laifi, cutar tana cikin ɗaki.

Abu na farko da ya kamata a zarga a arewacin Yobe shi ne wuta. Lasifikar da ke jone da bango takan yi shiru a duk lokacin da aka koma daga wutar gari zuwa janareta ko inbata. Akwai kuma wani tarko da mutane kaɗan ke lura da shi: idan an haɗa kwamfuta da talabijin ko allo ta wayar HDMI, allon ya mutu ya dawo, Windows kan iya mayar da sauti can, ko da allon ba shi da lasifika. Mai kwamfuta zai rantse cewa bai taɓa komai ba, kuma bai yi ƙarya ba. Maganin shi ne danna alamar lasifika a ƙasan allo a sake zaɓar na'urar da ake so, sannan a duba cikin Zoom ko Teams, domin kowace tana da nata zaɓin makirfo da lasifika daban da na Windows.

Kwamfutar cinya kuma, da zarar ta koma kan batir, takan shiga tsimin wuta, har ta kashe wasu kafofin USB da take ganin ba a amfani da su. Na'urar kunne da ke jone ta nan sai ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa. A tsarin wuta na Windows ana iya hana wannan dakatarwa.

Sai ƙura. Hunturun Nguru da Gashua ba ya barin kowace kafa a buɗe, kuma ramin da ake soka na'urar kunne yana da ɗan harshen ƙarfe da ke gaya wa kwamfuta an soka ko an zare. Idan datti ya cika shi, ko wayar ta karye a ciki, sauti zai riƙa tsalle tsakanin kunne da lasifika. A motsa wayar a hankali yayin da sauti ke tafiya. Idan ya ɗauke da motsin, an kama ɓarawon. Ƙurar nan ita ce kuma ke toshe fanka, kwamfuta ta yi zafi a watan Afrilu ta rage gudu, murya ta fara sarƙewa.

Na'urar kunne ta Bluetooth tana da nata halin. Da zarar an buɗe makirfonta sai ta koma yanayin kiran waya, sauti ya dushe, wani lokaci wata manhajar ta yi tsit. Ga taro mai muhimmanci, mai waya ta kasuwar Gashua ta fi mai tsada marar waya amana. Haka nan Windows, a tsarinta na asali, tana rage ƙarar sauran sautuka da kashi 80 cikin 100 idan ta fahimci ana kira. A shafin sadarwa na tsarin sauti ake ce mata kada ta taɓa komai. Idan kuwa matsalar ta soma ne washegarin da kwamfuta ta sabunta kanta, to a zargi direban sauti, galibi na Realtek, a mayar da shi tsohon da yake aiki.

Idan gwajin farko ya nuna layi ne, a kashe bidiyo. Murya kaɗai tana buƙatar ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da hoto mai kyau ke ci ba. Shugaban taro da ya dage sai ya ga fuskar kowa, ya sani cewa da muryar jami'in karkara yake biyan wannan ladabi.

A nan ne nauyi ya koma kan hadimai da sakatarorin da ke shirya tarurrukan. Bai dace a bar ma'aikacin gandun daji ko na ma'aikatar ruwa ya zama injiniyan kansa ba, alhali sashen fasahar sadarwa na ma'aikata na iya duba kwamfutarsa daga nesa. Buɗe ɗakin taro minti goma sha biyar kafin lokaci don gwada muryar na nesa ba ya cin ko sisi. Riƙe lambar wayarsa a hannu, a kira shi a ɗora a kan makirfo idan ya ɗauke, shi ma haka. Mafi muhimmanci, idan ba a ji shi ba, a rubuta a rahoton taro cewa ba a ji shi ba, a ba shi kwana ɗaya ko biyu ya aiko da bayaninsa a rubuce kafin a rufe batun. Yanzu abin da ake yi shi ne a sa sunansa cikin mahalarta, daga baya a ce an yanke shawarar yana nan kuma bai yi jayayya ba.