Ranar da alƙali ya umarci ɗiya ta je gaida uwarta

A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Sin.

A ranar 1 ga Yuli 2013, wata kotu a birnin Wuxi ta yanke hukunci kan ƙarar da wata tsohuwa mai shekara 77 ta shigar da ɗiyar cikinta. Alƙali ya umarci ɗiyar ta riƙa zuwa gaida uwarta aƙalla sau ɗaya cikin wata biyu. A wannan rana ce gyararriyar dokar kare haƙƙin tsofaffi ta fara aiki, wadda ta wajabta wa ƴaƴa yawan ziyartar iyayensu.

Abin mamaki, Sinawa mutane ne da suka shahara da biyayya ga iyaye. Malaminsu Konfushiyos, wanda aka haifa shekara 551 kafin Miladiyya, ya ɗauke ta tushen kyawawan ɗabi'u. Suna kiranta "xiao". A al'adarsu, ɗa namiji yakan zauna gidan ubansa da matarsa da ƴaƴansa, ya riƙe tsofaffinsa har ƙarshen rayuwarsu.

To, me ya kai su gaban alƙali? Daga 1980 zuwa 2015 hukuma ta taƙaita yawancin ma'aurata ga haihuwar ɗa guda. Sai aka wayi gari mutum ɗaya yana ɗauke da iyaye biyu da kakanni huɗu, ba wa, ba ƙane. Ga kuma ci-rani: matasa miliyoyi sun bar ƙauyuka zuwa masana'antun birane irin su Shenzhen, sun bar wa tsofaffi gona da renon jikoki. Da yawansu ba sa komawa gida sai lokacin bikin sabuwar shekararsu. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 264 ne suka kai shekara 60 ko fiye.

Saboda haka kada mu yi gaggawar cewa ƴaƴan Sinawa sun butulce. Kayan da ƴaƴa biyar ke rabawa a da, yau kai ɗaya ke ɗauka. Dokar ma ta san da haka, shi ya sa ta umarci masu ɗaukar ma'aikata su ba su hutun ziyarar gida. Sai dai tsohon da ya kwanta ciwo yana bukatar mai miƙa masa ruwa kullum, ziyarar wata bibbiyu kuwa ba ta biya masa wannan bukata.