Kifin da Aka Saki, Wa Ya Ci Ribarsa?

'Yan'uwa masunta, ga wani abu da zai ba ku dariya da farko. Akwai masu kuɗi da kan taso daga Amurka da Turai zuwa kogunan kurmin Amurka ta Kudu, su wuni cikin jirgin ruwa da ƙugiya. In sun kama kifi sai su ɗauki hoto, su mai da shi ruwa. Ba ci, ba sayarwa.

A ƙasar Gayana kifin da suke nema sunansa arafaima. Ɗan'uwan bargi ne na kogunanmu, sai dai shi yakan kai tsawon mita 3. Iska yake shaƙa, tilas ya leƙo sama bayan minti 10 zuwa 20, don haka mai mashi ba ya shan wuyar samunsa. An yi ta kashe shi ana sayarwa a Barazil har ya yi ƙaranci ƙwarai. A 2005 mutanen ƙauyen Rewa suka gina masaukin baƙi na kansu, daga baya suka fara karɓar masu wannan wasa. 'Yan garin ne ke ja-gora. In an kama kifi sukan shiga ruwa su tallafe shi har ya huta ya ja numfashi, kada ya nutse ko kada ya cafke shi. Kifin da dā ake sayarwa sau ɗaya, yanzu yana kawo kuɗi shekara da shekaru.

Ni kam ina goyon bayan wannan, amma da sharaɗi. Ba sakin kifin ne ya taimaki Rewa ba, masaukin nasu ne, kuma su ke faɗin yadda za a yi kamun. Inda kamfanin baƙi ya zo da jirginsa da abincinsa, me ya rage wa ɗan gari? Tuƙi da wankin kwano. Wani lokaci ma a hana shi jefa taru a gurbin da kakansa ya yi su, wai kada a ɓata wa baƙo wasa.

Mutanen kogin Mariye na Barazil sun ga irin wannan. A 2014 ƙauyukansu suka haɗa kai, suka zaɓi kamfani ɗaya da kansu, suka ware inda baƙi za su yi wasa da inda iyali za su kama na miya. Sai da aka gama wannan magana tukuna baƙon farko ya jefa ƙugiya.