Martani: Yaron Getso Ba Zai Iya Jiran Likita Ba

Marubucin da ya ce likita kaɗai ya cancanci duba yaron da ciwo ya tsananta masa bai san zaman karkara ba.

Idan zazzaɓin cizon sauro ya sa yaro jijjiga da tsakar dare a Getso, wanda uwa za ta fara samu nas ce ko jami'in lafiyar al'umma. Babban asibiti sai Gwarzo, na Hasiya Bayero kuwa yana can Kano. Tun 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince a danƙa wa waɗannan ma'aikata wasu ayyukan likitoci. A Blantyre ta Malawi, koya wa ma'aikata ware yaran da ke bakin mutuwa a fara da su ya rage mace-mace ƙwarai.

A horar da nas-nas da jami'an lafiyar al'umma, a wadata su da allurar artesunate da iskar oksijin. Ɗaure musu hannu asarar rayukan yara ce.