Haya Ba Bauta Ba Ce!

Kowace damana, kuka guda muke ji daga Maraɗi zuwa Damagaram: bango ya tsage, rufi ya yoye, mai gida ya ɗora laifi bisa ɗan haya, ya riƙe kuɗin ajiyarsa. Shin ɗan haya ne ya saukar da ruwan 2024, wanda ya rusa dubban gidaje, har tsohon masallacin Damagaram?

Doka a fili take. Wanda ya fasa ƙofa ko ya ɓalle famfo, shi zai gyara. Amma ɓarnar da tsufan gini ko ambaliya ta jawo, ba wuyan ɗan haya take ba.

Ya ku masu gidaje, motocinku suna da inshora, domin jandarma na jiranku a hanya. Gidan da ya ci miliyoyin sefa kuwa, kun bar shi fayau. Dokar CIMA, wadda ta fara aiki a 1995, ba ta kare wanda bai biya ba. Shi ma wanda ya biya, sai ya karanta abin da takardarsa ta ƙunsa, ya kuma sanar da kamfani cikin wa'adi. In kun yi sakaci, albashin malamin makaranta ba asusun gyaranku ba ne.

Ku ma 'yan haya, ku daina shiga gida da “mun yarda da juna”. A zagaya ɗaki ɗaki gaban shaidu, a rubuta halin da yake ciki, kowa ya sa hannu. Ranar fita, takarda ce za ta yi magana.